Dutsen da Ya Faɗo a Zagami

Ranar Laraba, 3 ga Oktoba 1962, kwana biyu bayan Nijeriya ta yi bikin cika shekara biyu da samun mulkin kai, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Dutsen Zagami, a ƙasar Faskari, arewa maso yamma da Funtuwa. Damina ta soma haɗa kayanta, hatsi ya fid da kai, tsuntsaye sun sa gonaki a gaba. Labarin da aka rubuta ya ce hankaki yake kora. Sai ya ji wata irin ƙara daga sama, iska ta buge shi, hayaƙi ya tashi, sannan wani abu ya daki ƙasa tim, bai fi mita uku da inda yake tsaye ba. Da aka tona ramin, mai zurfin kamar ƙafa biyu, sai ga dutse baƙi wuluk a waje, ruwan toka a ciki, nauyinsa kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ma'adinai a Kaduna, aka ajiye.

Zancen dutse daga sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya tashi a karkara ya taɓa jin labarin gatarin aradu, wannan sumul ɗin dutse mai baki da ake tsinta a gona, a ce tsawa ce ta jefo shi. Masana tarihi sun nuna cewa waɗannan gatura hannun mutum ne ya fiƙe su, mutanen da suka zauna a ƙasar nan tun kafin a san ƙira. Na Zagami kuwa ba hannun da ya taɓa shi, kuma a gaban shaida ya sauko. Shaidar manomi a wannan fanni tana da tarihi. Har ƙarshen ƙarni na 18 manyan malaman Turai dariya suke yi idan baƙauye ya ce ya ga dutse ya faɗo daga sama. Wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya rubuta littafi a 1794 yana cewa ƙauyawan gaskiya suke faɗi, aka yi masa ca. Sai da duwatsu kusan 3,000 suka zubo a garin L'Aigle na Faransa a watan Afrilun 1803, aka tura Jean-Baptiste Biot ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar mutane yana tsintar duwatsun, sannan malaman suka sauko daga dokin naƙi.

To daga ina duwatsun suke? Amsar ta soma bayyana a daidai wannan zamani, amma ta wata ƙofar dabam. A daren 1 ga Janairu 1801, lokacin Shehu Usmanu yana Ɗegel bai yi hijira ba tukuna, wani malamin kirista masanin taurari, Giuseppe Piazzi, yana lissafa taurari da madubin hangen nesa a Palermo ta Italiya. Ya ga wani ɗan ɗigon haske, ya rubuta mazauninsa. Washegari da dare ɗigon ya gusa. Taurari na ainihi ba sa sauya wuri a tsakanin junansu daga dare zuwa dare. Duk abin da ya gusa haka, ɗan gida ne, yana zagaya rana tare da mu. Piazzi ya bi shi har cikin Fabrairu, sannan ya ɓace masa a hasken rana. Wani saurayi ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, ya ɗauki 'yan alƙaluman da aka samu, ya lissafa hanyar da abin yake bi, ya ce a duba wuri kaza. A ƙarshen shekarar aka duba, aka gan shi. Shi ne Ceres, faɗinsa kusan kilomita 940.

Pallas ya biyo baya a 1802. A watan Satumban 1804, 'yan watanni bayan yaƙin Tabkin Kwatto, Karl Harding ya gano Juno a Jamus, sai Vesta a 1807. Dukkansu a fili ɗaya suke, tsakanin duniyar Mars da Jupiter. Masana suna ce musu astaroyid; a nan duwatsun falaki za mu riƙa kiransu, wanda ya faɗo ƙasa kuma mu ce masa dutsen sama.

Aikin neman su da ido wahala ce tsantsa, sai mutum ya haddace taswirar taurari ya riƙa kwatantawa dare bayan dare. A 1891 Max Wolf na Heidelberg ya sauƙaƙa shi da hoto: ya bar kyamara a buɗe na awoyi, madubin yana bin tafiyar taurari, sai taurarin su fito ɗigo-ɗigo, dutsen falaki kuwa ya ja ɗan layi. Shi kaɗai ya gano sama da 200. Yau kwamfuta ce ke yin aikin, a wurare irin su Catalina a jihar Arizona da Pan-STARRS a tsibiran Hawai: a ɗauki hoton yanki guda na sama sau da yawa a dare ɗaya, na'ura ta nemo ɗigon da ya motsa. Waɗanda aka sani yanzu sun haura miliyan ɗaya. Amma kada yawan ya ruɗi mai karatu. Da za a tattara su duka a dunƙule, ba za su kai kashi biyar cikin ɗari na nauyin wata ba. Ragowar kayan gini ne da jan Jupiter ya hana su haɗuwa su zama duniya.

Gano abu daban, sanin da me aka yi shi daban. Ta yaya za a san jikin dutsen da yake nisan ɗaruruwan miliyoyin kilomita, wanda ko a babban madubi ɗigo ne kawai? Ta haskensa. Dutsen falaki ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa. Hasken rana kuwa launuka ne a haɗe, waɗanda muke gani a rarrabe cikin bakan gizo, kuma gaba da ja akwai wani hasken da ido ba ya kamawa sai na'ura. Kowane ma'adini yana da yankin da yake haɗiyewa daga wannan haske, ya mayar da saura. Idan aka ware hasken da ya dawo aka ga inda ya yi giɓi, an san abin da ya haɗiye shi. Ma'adinai biyu ne suka fi muhimmanci a nan: olibin, mai launin kore-kore, da firoksin. Dukkansu suna haɗiye hasken nan da ido ba ya kamawa, a wajajen maikuron 1 na ma'aunin haske, firoksin kuma yana ƙara wani giɓin a maikuron 2.

A 1970 Tom McCord da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan Vesta, suka ga haskensa ya yi daidai da na wasu duwatsun sama da ke ajiye a gidajen tarihi. Karo na farko ke nan da aka nuna ɗigo a sama aka ce ga ɓarɓashinsa a hannu. Shekara biyar bayan haka, a 1975, Clark Chapman da David Morrison da Ben Zellner suka raba duwatsun falaki gida-gida. Gidan C su ne baƙaƙe masu sinadarin kabon, waɗanda ba sa mayar da ko kashi goma cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansu. Su ne mafi yawa, kuma sun fi taruwa a gefen da ke nesa da rana. Gidan S su ne masu jikin dutse, olibin da firoksin gauraye da ƙarfe, launinsu ya ɗan karkata zuwa ja, suna mayar da kusan kashi ashirin cikin ɗari. Su suka mamaye gefen da ke kusa da Mars, kuma Juno na Harding shi ne na farkonsu da aka gani. David Tholen ya faɗaɗa rabon zuwa gida 14 a 1984, wasu suka sake ƙarawa a baya, amma C da S suna nan daram.

Wannan rabo ne na masu kallon sama. Masu riƙe dutse a hannu suna da nasu, kuma don a gane shi ba sai an yi nisa da Malumfashi ba. Wanda ya bi hanyar Kano ta Gwarzo zai ratsa ƙasar Kabo, inda ranar 25 ga Afrilu 1971 duwatsu suka faɗo, aka tattara sama da kilo 13. Idan aka yanka irin wannan dutse aka goge fuskar, abu biyu ake gani. Na farko ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli, warwatse ko'ina, shi ya sa mayen ƙarfe yake kama shi. Na biyu wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar gero, waɗanda babu su a kowane dutse na duniyarmu. Ɗigon narkakken dutse ne da ya daskare yana shawagi a sarari, tun rana tana jaririya, kafin a yi duniya. Duwatsun da ke ɗauke da su ana kiransu kondirait, shekarunsu kimanin miliyan 4,560. Dutsen Kabo ya girmi duk wani dutse da ƙafar mutum ta taɓa takawa a doron ƙasa.

A kundin masana, lambar Kabo H4 ce. Harafin yana nuna yawan ƙarfe: H mai yawa, L kaɗan, LL kaɗan ƙwarai. Lambar kuma, bisa tsarin da Van Schmus da Wood suka kawo a 1967, tana nuna irin gashin da dutsen ya sha a cikin uwar da ya ɓallo daga jikinta: 3 kusan ɗanye, 6 ya gasu har 'yan dunƙulen sun soma ɓacewa. Wanda ya faɗo a Kilabo, wajen Haɗeja, a watan Yulin 2002, LL6 ne. Waɗannan gidaje uku, H da L da LL, su ne gama-gari: cikin duwatsu goma da aka ga faɗowarsu, kusan takwas nasu ne.

Nan rigima ta ɓarke, ta kuma shafe shekaru kusan talatin. Hankali yana cewa duwatsun da suka fi faɗowa daga duwatsun falakin da suka fi kusa suke, wato gidan S. Ma'adinan ma iri ɗaya ne. Amma da aka niƙa kondirait a ɗakin gwaji aka auna haskensa, bai yi daidai da na gidan S ba: na sama ya fi duhu, ya fi ja, giɓinsa bai kai zurfi ba. Wasu suka ce ai ba dangi ba ne, a nemi uwar kondirait a wani wuri. Wasu suka ce dangi ne, fatar ce ta rine saboda daɗewa a sarari. Kumbon Galileo ya wuce ta gefen Gaspra a 1991 da Ida a 1993, aka lura cewa sababbin ramuka, inda aka fallasa cikin dutsen, launinsu ya bambanta da tsohuwar fata. Kumbon NEAR ya zagaya Eros na shekara guda, ya sauka a kansa ranar 12 ga Fabrairu 2001. Hujja ta ƙaru, amma masu musu ba su yi shiru ba.

Japanawa ne suka raba gardamar, da kumbon da saura ƙiris ya hallaka a hanya. Hayabusa ya tashi a 2003 zuwa Itokawa, wani ɗan ƙaramin dutse na gidan S da tsawonsa bai wuce rabin kilomita da kaɗan ba. A Nuwamban 2005 ya taɓa jikinsa, amma harsashin da aka shirya zai harba don tayar da ƙura bai tashi ba. Mai ya tsiyaye, aka yi makonni ba a ji ɗuriyarsa ba, injinansa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da lallaɓawa aka dawo da shi, ya jefo akwatinsa a hamadar Ostareliya ranar 13 ga Yuni 2010. Da aka buɗe, ido bai ga komai ba. Sai da aka kankare bangon aka sa a na'ura, aka sami ƙwayoyin ƙura kusan 1,500. Gani ya kori ji: kondirait ne, gidan LL, ɗan'uwan na Kilabo. A fatar ƙwayoyin kuma aka ga wani siririn rufi na ɗigon ƙarfe ƙanana ainun, wanda iskar rana ta haifar. Shi ne rinin da ya ruɗi masu kallon sama.

Yadda ɓarɓashin yake isowa nan ma an gano shi. Duwatsun falaki suna karo da juna, gutsattsari su tashi. Zafin rana yana tura ƙananan a hankali, shekara miliyoyi, har su shiga wasu layuka da Daniel Kirkwood ya lura tun 1866 cewa wayam suke. A ɗayansu, duk zagaye ɗaya na Jupiter dutse ya yi uku, don haka Jupiter yana fizgarsa a wuri guda a kai a kai, har hanyarsa ta miƙe ta ratso tamu.

Duk wannan bayani ya hau kan Kabo da Kilabo daidai wa daida. Zagami ne ya ƙi. Babu dunƙule ko ɗaya a cikinsa, babu ɗigon ƙarfe. Dutse ne da ya taɓa narkewa gaba ɗaya ya daskare, irin na aman wuta, yawancinsa firoksin. Wannan kaɗai ba abin mamaki ba ne, don ɓarɓashin Vesta ma haka yake. Shekarunsa ne suka tayar da hankali. Da aka auna, sai aka ga ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Duwatsun ƙasar Funtuwa da Faskari, waɗanda masana ke ba sama da shekara miliyan 500, sun girme shi nesa ba kusa ba. Ƙaramin abu ba ya riƙe zafi. Duwatsun falaki sun huce tun fiye da shekara miliyan 4,000 baya. Duk inda aka yi aman wuta shekara miliyan 180 da suka wuce, babbar duniya ce mai wuta a ciki. Kuma ba tamu ba ce, don awon nau'o'in iskar oksijin da ke cikin ma'adinansa ya saɓa wa na duniya da na wata.

Zagami yana da 'yan'uwa ƙalilan masu irin wannan hali: wanda ya faɗo a Shasinyi ta Faransa a 1815, na Shargati a Indiya a 1865, da na Nakhla a Masar a 1911. A ƙarshen shekarun 1970 wasu masana suka soma furta sunan Mars, da ɗari-ɗari, domin masu lissafi sun ce duk bugun da zai iya cilla dutse daga Mars, da gudun kilomita biyar a daƙiƙa, zai narkar da shi ko ya mai da shi gari. Amma jikin Zagami da kansa yana ba da labarin mummunan bugu. Wani farin ma'adini da ke cikinsa ya rikiɗe ya zama gilashi ba tare da ya narke ba, kuma baƙaƙen jijiyoyi sun ratsa shi, inda dutsen ya narke cikin ƙiftawar ido ya sake daskarewa.

A cikin irin wannan baƙin gilashi hujjar ta ɓuya. Kumbunan Viking biyu da Amurka ta saukar a Mars a 1976 sun auna iskar can, suka aiko da adadin kowane sinadari. A 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson, a Houston, suka gasa gilashin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar Antatika, iskar da ta fito ta yi daidai da awon Viking. A 1995 Kurt Marti da abokan aikinsa suka sami wannan iska a cikin Zagami. Bugun da ya cillo shi ne ya cusa masa iskar garinsu ya rufe. Wani dutsen falaki ne ya faɗa wa Mars, kimanin shekara miliyan uku da suka wuce. Ana sanin haka ta alamun da hasken sararin samaniya ya bari a jikin dutsen tsawon yawonsa. Har yau duwatsun Mars biyar kacal aka ga faɗowarsu da ido, na biyar shi ne na Tissint a Maroko a 2011. Uku cikin biyar ɗin a Afirka suka sauka, Zagami kuma shi ne mafi girman dutse guda a cikinsu.

Ganin faɗowa ba ƙaramin abu ba ne. Dutsen da ya kwana dubban shekaru a hamada ruwa da gishiri sun shige shi, sai mai bincike ya yi ta tankaɗe kafin ya ware abin da ya zo da shi daga abin da ya kwasa a nan. Wanda aka ɗauka da wuri kuwa tas yake. Shi ya sa da wuya a buɗe littafi kan duwatsun Mars ba a ci karo da sunan wannan ƙauye na Katsina ba. A ganina rabin darajar Zagami manomin nan ne ya ba shi, shi da waɗanda suka kai maganar gaba maimakon su fasa dutsen a raba don magani. Littattafan kimiyya kuwa "wani manomi" kawai suke ce masa.

Mai gona a Bakori ko Ƙafur da ya tsinci baƙin dutse mai nauyi, mafi yawan lokuta marmara ce ko kashin maƙera, ragowar tsofaffin matoyar tama. Kashin maƙera yana da huji-huji na kumfa. Dutsen sama ba shi da su. Fatarsa siririya ce, ba ta kai kaurin farce biyu ba, kuma inda ta ɓantare cikin ya fi haske. Mayen ƙarfe yana taimakawa, amma ba alƙali ba ne: zai kama na Kabo, na Zagami kuwa da ƙyar zai kula shi. Abin da ya fi amfani shi ne kada a wanke, a naɗe a busasshen wuri, a riƙe rana da lokaci da ɓangaren da ƙarar ta fito.

Dutsen da ya faɗo a Zagami bai zauna a Kaduna cikakke ba. A 1988 wani ɗan kasuwar duwatsun sama daga Amurka, Robert Haag, ya sami babban kaso daga cikinsa, daga nan aka yi ta yankawa. Yau gutsattsarinsa suna jami'o'i da gidajen tarihi da akwatunan masu tarawa a ƙasashe da dama, ana sayar da shi giram-giram, farashinsa ya ninka na zinariya. Wani ɗan mitsitsi ma an maƙala shi a jikin kumbon Mars Global Surveyor da ya tashi a Nuwamban 1996. Ba za a ce yaɗuwar ba ta amfani ilmi ba, don da ita aka yi bincike da dama. Sai dai ɗalibin kimiyya a Funtuwa zai gama sakandare, ya haddace sunayen duniyoyi takwas, ba wanda ya gaya masa cewa yankin ɗaya daga cikinsu ya sauka a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da tasu.

Maganar wa ya mallaki abin da ya faɗo daga sama ta sake tasowa a maƙwabta. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutsen Mars a jihar Agadas ta Nijar, nauyinsa ya haura kilo 24, ya ƙwace wa Zagami kambun girma. Ranar 16 ga Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3, yana mai cewa takardun fitar da shi cikakku ne. Gwamnatin Nijar ta ce sai ta binciki yadda ya bar ƙasar, shugaban ƙasar Janar Tiani kuma ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama zuwa waje.